Zariya da Unguwanninta: Abin Lura a Cikin Tarihin Bunƙasar Birni

Daga cikin biranen ƙasar Hausa waɗanda Allah ya yi wa tsawon zamani, ƙalilan ne tarihin bunƙasarsu yake shimfiɗe a fili kamar na Zariya, domin wanda ya taso daga ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni zuwa Sabon Gari, sa'an nan ya miƙe bisa hanyar Sakkwato har Samaru, to, a cikin tafiyar da ba ta kai ta wuni guda ba ya ratsa zamunna dabam-dabam, kowane da irin gininsa, da irin mutanensa, da kuma sababin da ya sa aka kafa shi. Tun da yake a yau maganar filaye da sababbin unguwanni ita ce a bakin kowa, ya kyautu mu waiwaya mu dubi yadda magabata suka yi nasu tadbirin, la'alla mu sami ma'aunin da za mu auna namu da shi.

Masana tarihi sun tafi a kan cewa sarautar Zazzau ta zauna a Turunku da kuma gindin dutsen Kufena kafin ta tabbata a inda birnin yake yanzu, a cikin ƙarni na 16, wato zamanin da ake dangantawa da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Ganuwar da aka kewaye birnin da ita ta kai kimanin mil goma, da ƙofofinta irin su Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Galadima da Jatau. Abin da ya fi cancantar nazari a sha'aninta shi ne yawan ƙasar da ta ƙunsa, gama waɗanda suka zana ta sun shigo da gonaki da fadamu da makiyaya da dutsen Madarkaci cikin da'irarta, alhali gidajen da ke akwai a lokacin ba su cika ko rabin wurin ba. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Kilafaton, wanda ya sauka a Zariya a 1826, ya tarar da gonaki da manyan itatuwa a tsakanin unguwanni cikin birni. Hikimar haka a zahiri ita ce, idan abokan gaba sun yi wa gari zobe, mutane da dabbobinsu su sami abinci da ruwa ba tare da sun fita ba. Amma a bayan wannan akwai wata hikima, wadda ita ce tanadi domin waɗanda ba a haifa ba tukuna, kamar yadda uwa mai hangen nesa take sa a ɗinka wa yaro riga da sauran girma.

Fa'idar wannan tanadi ta bayyana sarai bayan jihadi. Wajen 1808 Malam Musa ya shigo da tutar Shehu Usmanu, Sarki Makau ya fita da jama'arsa ya nufi kudu, inda daga baya zuriyar gidan suka kafa garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. Sarauta ta koma tana zagayawa a tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowane gida kuwa da malamansa da barorinsa da baƙinsa. Fatake da almajirai suka yi ta kwararowa. Duk da haka birni ya haɗiye su baki ɗaya ba tare da an fasa ganuwa ba, sabili da akwai inda za a yanka wa kowa wurin zama. A wannan zamani ne, a cikin mulkin Sarki Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara, ginin da har yau masana fasahar gini daga ƙasashe masu nisa suke zuwa kallon bakan gizonsa.

Ita kuwa unguwa a wancan tsari tana da ma'ana da hukunci. Akwai inda aka san malamai, kamar Limancin Kona da Unguwar Juma. Akwai inda aka san marina da masaƙa da maƙera. Akwai kuma wuraren da aka laƙaba wa sunan rimin da ya yi musu inuwa, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Idan mutum zai yi gini, sai ya je ga mai unguwa, a kira maƙwabta a nuna iyaka a gaban shaidu. Daga nan a haƙa ƙasa a bakin unguwa, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali a shanya, magini ya ɗora, a jera azara, a yi daɓe, a shafe katanga da makuba. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi yake zama kududdufi, in damina ta sauka dukan indararo da kwatocin unguwa su zuba a cikinsa, da rani kuma a sami ruwan kwaɓa da na ban-ruwan lambu. Malaman fiƙihu kuma suna nan suna tsare haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabtaka, ba a yarda mutum ya ci rariya da katangarsa ba, ko ya juya indararonsa cikin gidan wani, ko ya buɗe taga a kan tsakar gidan maƙwabcinsa. Babu taswira a takarda, amma akwai ƙa'ida a zukatan mutane, akwai kuma alƙali ga wanda ya ƙetare ta.

Zuwan Turawa a 1902 shi ne ya kawo wani salon bunƙasa wanda birnin bai saba da shi ba. Hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Kano ta iso Zariya a 1911, ba da daɗewa ba aka ja wata ƙaramar hanya zuwa ƙasar kuza a Jos, wadda aka rufe a 1957, aka kuma ja wata ta Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Da haka Zariya ta zama mahaɗa, aka kafa injin gurzar auduga, kamfanonin ciniki suka jera kantunansu kusa da tasha, har unguwar PZ ta ɗauki sunan ɗaya daga cikinsu. Sai dai Turawa, maimakon su faɗaɗa birnin da suka tarar, sai suka yi ta kafa wa kowane jinsin mutane garinsa dabam. Suka keɓe wa kansu unguwa a arewacin Kubanni, bisa ƙa'idar da suka shimfiɗa ta barin fili na yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa. Suka yanka Sabon Gari da titunansa miƙaƙƙu masu giciye da juna domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa mutanen kudu. Tudun Wada kuwa, a wajen ganuwa, ta zama mazaunin baƙi 'yan arewa da leburori, a ƙarƙashin ikon Sarki.

A kan wannan turba aka ci gaba shekara da shekaru. A 1922 aka soma binciken aikin gona a Samaru, wajen mil takwas daga birni. A 1929 mishan ɗin da Likita Mila ya kafa a cikin birni ya tashi ya koma Wusasa, kusa da Kufena, da cocinsa da makarantarsa da asibitinsa. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Malam Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Kwalejin da ta faro daga Katsina ta bi ta Kaduna ta sauka a Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Makarantar koyon aikin mulki ta zauna a Kongo, barikin horar da sababbin sojoji yana gefe guda, har dai a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a 1964. Ko da yake tun 1917 Kaduna ta sami martabar zama hedikwatar mulkin Arewa, Allah ya musanya wa Zariya da martabar ilimi, wadda ta fi dacewa da asalinta. Amma sakamakon wannan salo shi ne, a ranar da aka sami mulkin kai, abin da ake kira Zariya garuruwa ne biyar ko shida a warwatse, gonaki da fadamu sun raba tsakaninsu, kowane yana bai wa ɗan'uwansa baya, tsohon birni kuma shi ne na ƙarshe wajen samun kwalta da magudanar ruwa.

Abin da ya auku daga shekarun arzikin man fetur zuwa yau shi ne cikewar waɗannan gibobi, kuma a nan ne abin takaici yake. Jama'a ta ƙaru ƙwarai, har ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a haɗe suna da mutum kusan 700,000. Ƙauyuka irin su Hanwa da Palladan da Dogarawa da Muciya da Cikaji da Jushi da Ɗanmagaji duk gari ya cim musu. Ko da yake dokar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birane amana a hannun gwamna, mafi yawan sababbin unguwanni ta hanyar awon igiya suka samu. Manomi ya ga gari ya iso bakin gonarsa, ko magada su so raba gado, sai a kira dillali ya zo da igiyarsa da turakunsa, a yanka gonar fuloti-fuloti, kuma tun da kowane taku kuɗi ne, sai a bar wa hanya ɗan abin da mutum biyu za su gifta, ba a ware wa makaranta ko asibiti ko maƙabarta ko da taƙi ɗaya ba. Bayan shekara goma sai ka iske gidaje na bulo da kwano masu ƙofar ƙarfe, amma in gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da mashiga, in mace ta kama naƙuda da dare sai an tallabo ta zuwa bakin titi. Kududdufai an cike su da shara an yi gini a kai, saboda haka ruwan da a dā yake da mazuba yanzu cikin ɗakuna yake kwana. Ganuwa kanta an kwashi ƙasarta an yi gini, a wasu wurare sai tsofaffi ne za su nuna maka inda ta bi.

Sha'anin ruwan sha ya isa misali. An kafa ma'aikatar ruwa ta farko a 1939, aka ƙara wata a 1975 bisa madatsar kogin Galma, a shekarun baya-bayan nan kuma aka gina sabuwar babbar matatar ruwa. Amma gidaje sun riga bututu gudu, har ya zama a unguwanni da yawa 'yan ga-ruwa da kurarsu da jarkokinsu su ne famfon talaka, mai hali kuwa ya haƙa burtsatse a gidansa. Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne rabuwar iko, domin birni da Tudun Wada suna ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma, Sabon Gari da Samaru suna ƙarƙashin wata, Shika kuma, inda asibitin koyarwa na jami'ar ya koma a 2005 ya ja gine-gine zuwa can, tana cikin ƙasar Giwa, alhali ruwan sama da cunkoso da annoba ba su san iyakar hukuma ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a yanke ƙauna, gama Zariya tana da abubuwan da birane da yawa suke nema ba su samu ba. Tana da makarantun da kowace shekara suke jawo dubban ɗalibai da malamai masu bukatar muhalli da kasuwa. Tana zaune a mahaɗar hanyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos, sabuwar hanyar jirgin ƙasa da ake shimfiɗawa tsakanin Kaduna da Kano kuma ta nan za ta bi. Tana da fadamun Galma da ƙasar noma mai albarka a kewayenta. Mafi girma daga cikin ni'imomin shi ne har yanzu girmanta matsakaici ne, bai kai haddin da gyara zai gagara ba, kuma a jami'arta ake koyar da ilimin tsara birane, wanda abin kunya ne a ce an yaye masanansa an aika wa wasu garuruwa, garin da ya yaye su yana fama da awon igiya.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Unguwar da za ta yi albarka nan da shekara talatin, yau ne ake yanke hukuncinta, tun tana gona. Wajibi ne hukumomin nan su haɗu a kan tsari guda na garin baki ɗaya, a fitar da hanyoyi da magudanai da hanyar bututu kafin a sa tubalin farko. Wajibi ne masarauta, daga hakimai har masu unguwanni, su ƙi sa hannu a kan cinikin gonar da ba a fitar wa jama'a haƙƙinsu a cikinta ba. Ragowar ganuwa da kududdufai da bakin Kubanni a mayar da su hurumi wanda ba a saye ba a sayarwa. Malamai su tunatar da mutane a kan mumbari cewa cin hanya zalunci ne, attajirai kuma su raya sunnar waƙafi, su sayi filaye a bakin gari su tsayar da su domin makarantu da asibitoci da maƙabartu. Kai kuma mai karatu, in Allah ya hore maka sayen fuloti, kafin ka tambayi kuɗinsa ka tambayi faɗin hanyarsa da inda ruwansa zai bi, kada kuma ka ƙara ko da kamu ɗaya na rariya a cikin katangarka. Allah ya raya Zazzau, ya ba shugabanninta basira da tsoronsa a cikin amanar da ya ɗora musu, amin.