Masu rawar tsiraici a Amurka: yadda suke lissafin kuɗi da sa'o'in aiki

A akasarin sana'o'i, ma'aikaci kan je wurin aiki ne domin a biya shi. A yawancin gidajen rawar tsiraici na Amurka da Birtaniya kuwa, ma'aikaciyar ce ke fara biyan mai gida kafin a bar ta ta hau dandamali.

Hakan na nufin mai rawa tana shiga aiki ne da bashi a wuyanta a kowane dare. Wannan bashi shi ne ke yanke mata yawan kuɗin da za ta sa wa ranta, da ranakun da za ta fita, da kuma sa'ar da za ta isa wurin aiki.

Dokokin ƙasashen biyu sun halatta sana'ar bisa lasisi da sharuɗɗa, duk da adawar da ƙungiyoyin addini da wasu masu fafutukar kare mutuncin mata ke yi da ita. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta ce rawar tana iya shiga gefe-gefen 'yancin bayyana ra'ayi da tsarin mulkin ƙasar ya tanada, amma jihohi na da ikon gindaya mata iyaka. Ƙasar Aisland kuwa ta haramta irin waɗannan gidaje a 2010.

Sai dai taƙaddamar da ta fi yawan kai masu rawar da masu gidajen gaban alƙali ba ta tarbiyya ba ce. Ta ƙwadago ce: shin mai rawa ma'aikaciya ce da ta cancanci albashi, ko kuwa mai cin gashin kanta ce da ke hayar fili?

Kuɗin fili

Galibin gidajen suna ɗaukar mai rawa a matsayin 'yar kwangila mai zaman kanta. Don haka ba su ba ta albashi, ba su biya mata inshorar lafiya, babu hutun jinya, babu fansho.

Abin da take samu yana fitowa ne kai tsaye daga aljihun masu kallo, ta hanyoyi uku. Akwai liƙin da ake yi mata a kan dandamali, wanda akasari takardun dala ɗaiɗai ne. Akwai rawar da take yi wa mutum guda a teburinsa, wadda ake lissafa kuɗinta bisa kowace waƙa, kuma dala 20 shi ne farashin da ya daɗe yana yawo a gidaje da dama. Sai kuma zama a keɓaɓɓen ɗaki na manyan baƙi, inda ake biya bisa rabin sa'a ko sa'a guda, kuma a nan ne kuɗi mai kauri yake.

Kafin ta taɓa ko da sisi daga ciki, sai ta biya kuɗin fili. Tsarin ya yi kama da na direban tasi da ke fara haɗa balans ɗin mai mota kafin ya soma neman na cefanen gidansa.

Kuɗin filin ya bambanta daga gida zuwa gida da kuma gari zuwa gari. A ƙananan wurare yakan tsaya a 'yan daloli goma-goma, a manyan gidaje na birane irin su Las Vegas da Niyok kuwa yakan haura dala 100 a dare guda.

Bayan shi akwai tukwicin da ya zama tamkar wajibi: na mai saka kiɗa, da na masu tsaron ƙofa, da na matar da ke kula da ɗakin sauya tufafi. Gidaje da yawa kuma suna yankar wani kaso daga kuɗin kowace rawa, musamman idan baƙo ya biya da katin banki aka ba shi takardun gidan a madadin tsabar kuɗi.

Ba haka al'amarin yake tun asali ba. A da, gidaje da dama suna biyan masu rawa lada bisa sa'a ko bisa dare. Sauyin ya bazu ne a shekarun 1980 da 1990, kuma ana yawan ambaton gidan O'Farrell na birnin San Faransisko a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa, inda ya daina biyan lada ya koma karɓar kuɗin fili a 1988. Masu rawa sun maka shi a kotu a 1994, aka sasanta a 1998 kan dala miliyan 2.85.

Yadda ake tsayar da buri

Saboda babu albashi, masu rawar da suka daɗe a sana'ar kan yi lissafinsu ne daga ƙarshe zuwa farko. Su fara tara abin da wata zai ci: kuɗin haya, da abinci, da mota, da kuɗin makaranta ko na renon yara. Su raba jimlar da yawan daren da za su iya fita, sannan su ɗora kuɗin fili da tukwici a kai.

Alal misali, idan mace na son komawa gida da dala 300, kuɗin fili kuma dala 100 ne, tukwici dala 50, to dala 450 za ta nema. In da rawar dala 20 kaɗai za ta dogara, sai ta yi rawa 23 a daren, kuma takwas na farko duk na biyan wasu ne. Wannan ma idan gidan bai yanki nasa kaso daga kowace rawa ba ke nan.

Ko dala 300 ɗin ma ba nata ba ne duka. Dokar Amurka ta ɗora wa mai cin gashin kansa harajin kashi 15.3 cikin ɗari na tsarin fansho da lafiyar tsofaffi, wanda a wurin ma'aikacin albashi raba shi ake yi biyu tsakaninsa da mai aiki. A kan wannan akwai harajin kuɗin shiga, kuma ana sa ran mai cin gashin kansa ya riƙa biya da kansa sau huɗu a shekara. Kayan rawa, da takalma, da gyaran gashi, da kwalliya duk daga aljihunta suke fita. Wasu birane, kamar Atlanta da Las Vegas, suna kuma buƙatar ta sayi takardar izinin aiki.

Abin da ya fi wahalar da lissafin shi ne rashin tabbas. Dare ɗaya na iya kawo abin da mako bai kawo ba, idan aka dace da baƙo mai sakin hannu, washegari kuma a tashi ko kuɗin fili bai fita ba. Don haka gogaggu suka fi tsayar da buri na mako ko na wata, su ɗauki matsakaicin abin da suke samu, maimakon su auna kansu da daren da kasuwa ta yi kyau.

Wani bincike da Teela Sanders da Kate Hardy suka gudanar a Jami'ar Leeds ta Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 2010, ya gano cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na masu rawar da aka tambaya sun taɓa tashi daga aiki da asara. Binciken ya kuma nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu na da digiri, kuma da yawa sun ce damar zaɓen lokacin aiki na cikin abin da ya ja su zuwa sana'ar.

Zaɓen lokaci

Wannan dama ta zaɓen lokaci ita ce babbar hujjar masu gidajen. Sukan ce mai rawa na zuwa ranar da ta ga dama, ta tafi lokacin da ta so, abin da ya dace da ɗaliba ko uwa mai ƙananan yara.

A aikace zaɓin yana da farashi. A gidaje da dama kuɗin fili yana hawa ne da agogo: wadda ta iso da yamma ta biya kaɗan ko ma a yafe mata, wadda ta iso bayan ƙarfe goma na dare ta biya ninki. Dalili shi ne gidan na son baƙon farko ya tarar da masu rawa, ko da kuwa su za su shafe sa'o'i uku ko huɗu suna zaman jiran tsammani.

Daren Juma'a da Asabar sun fi cika, amma a nan ne kuɗin fili ya fi tsada, kuma a nan ne masu rawa suka fi yawa. Tun da gidan yana karɓar kuɗi daga kowace mace da ta shigo, ba ya asara idan sun yi wa baƙi yawa. Asarar tasu ce. Wannan ne ya sa wasu ke gwammace aikin rana ko na tsakiyar mako, inda baƙi ba su da yawa amma sanannu ne masu dawowa.

Akwai kuma gidajen da ke shar'anta cewa sai mace ta yi daren Litinin ko Talata kafin a ba ta na ƙarshen mako, tare da cin tarar wadda ta makara, ko ta tashi da wuri, ko ta ƙi zuwa.

Kasuwar tana da damina da rani. Manyan tarukan kamfanoni da gasannin wasanni kan cika gidajen birnin da ke karɓar baƙuncinsu, har masu rawa su yi takakkiya daga wasu jihohi. Lokacin da haƙar mai ta bunƙasa a garin Williston na jihar Dakota ta Arewa a farkon shekarun 2010, mata da dama sun bi ma'aikatan mai zuwa can. Taɓarɓarewar tattalin arziki ta 2008 ta rage hannun baƙi, annobar korona kuma ta rufe gidajen a 2020. A lokacin, matsayin 'yar kwangila ya sa masu rawa da yawa ba su cancanci tallafin marasa aikin yi da aka saba bayarwa ba, sai da majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman a watan Maris na shekarar da ta haɗa da masu cin gashin kansu.

Jiki ma yana da tasa iyakar. Tsayuwar sa'o'i shida zuwa takwas a kan dogayen takalma da hawan sandar ƙarfe suna cin gwiwa da idon sawu da baya, kuma ranar da mace ta kwanta jinya babu mai biyan ta.

Abin da kotuna suka ce

Ƙa'idar da alƙalan Amurka ke dubawa mai sauƙin faɗa ce: gwargwadon yadda gida ke juya mai rawa, gwargwadon yadda take zama ma'aikaciyarsa. Jadawalin aiki da tara su ne kan gaba a cikin shaidun da ake gabatarwa.

A 2013 alƙali Paul Engelmayer na kotun tarayya a Niyok ya yanke hukuncin cewa masu rawa a gidan Rick's Cabaret ma'aikata ne. Gidan yana da dokoki kan ranakun zuwa, da tsawon takalmi, har da hana tauna cingam. A 2014 ya umarci a biya su fiye da dala miliyan 10, daga bisani kamfanin ya sasanta kan dala miliyan 15 a 2015. Kafin nan, a 2012, kamfanin Spearmint Rhino ya sasanta irin wannan ƙara kan kusan dala miliyan 13.

Kotun ƙolin jihar Nevada ta yanke makamancin hukuncin a 2014 a kan gidan Sapphire na Las Vegas, sai dai a shekarar da ta biyo baya majalisar jihar ta yi dokar da ta sauƙaƙa ɗaukar mutum a matsayin ɗan kwangila.

A Birtaniya akasin haka aka gani. A watan Disamban 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wata mai rawa a gidan Stringfellows na Landan ba ma'aikaciya ba ce, domin gidan bai ɗauki alkawarin biyan ta komai ba, kuma ita ke ɗauke da haɗarin tashi da asara. Wato tsarin da take kuka da shi, shi ne ya zama hujjar da ta kayar da ita.

Nasara a kotu ma ba kullum take zama riba a aljihu ba. Mafi ƙarancin albashi na tarayyar Amurka dala 7.25 ne a sa'a tun 2009, wanda bai kai kuɗin rabin rawa guda ba. Bayan hukuncin kotun ƙolin Kalifoniya na 2018 da dokar da ta fara aiki a watan Janairun 2020, gidaje da dama a jihar sun mayar da masu rawa ma'aikatan albashi, amma suka rage yawan waɗanda suke ɗauka, suka karɓe ikon tsara jadawali, suka kuma ƙara kason da suke riƙewa daga kuɗin rawa. Masu rawa da yawa sun koka cewa abin da suke komawa gida da shi ya ragu, lamarin da ya raba kawunansu kan wane matsayi ya fi.

Ƙungiya da doka

Yunƙurin kafa ƙungiyar ƙwadago bai yi yawa ba. Ma'aikatan gidan Lusty Lady na San Faransisko sun cimma yarjejeniyar ƙungiya a 1997, kuma rabon lokacin aiki na cikin ƙorafinsu, domin sun ce ana taƙaita yawan mata baƙaƙe da sauran waɗanda ba fararen fata ba a kowane zango. Sun sayi gidan a 2003 suka gudanar da shi da kansu, har ya rufe a 2013.

Sai bayan shekara goma aka sake ganin irin haka, lokacin da masu rawa a gidan Star Garden na Los Anjalis suka shiga ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Actors' Equity a watan Mayun 2023, bayan sun shafe fiye da shekara guda suna zanga-zanga a ƙofar gidan kan batun tsaron lafiyarsu.

Jihar Washinton ta bi wata hanya dabam, inda ta tunkari kuɗin filin kansa. Dokar da gwamna Jay Inslee ya sanya wa hannu a watan Maris na 2024 ta ce kuɗin da gida zai karɓa daga mai rawa a zango guda kada ya wuce dala 150 ko kashi 30 cikin ɗari na abin da ta samu, duk wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu. Ta kuma hana ɗora ruwa ko tara a kan kuɗin da ba a biya a kan lokaci ba, tare da wajabta ajiye jami'in tsaro da horar da ma'aikatan gidajen kan hana cin zarafi da gano alamun fataucin mutane.