Sanƙarau: Daga Ɗakin Bincike na Zariya Zuwa Ƙauyukan Zamfara

Manufar wannan lacca ita ce mu bi tarihin binciken da aka yi a kan wata cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa, watau sanƙarau, mu ga abin da masana suka gano, mu kuma auna yadda ilmin ya amfani mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu da maƙwabtansu.

Da farko, mene ne sanƙarau? Akwai wata tantani mai lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta hanci da maƙogwaro, ta bi jini ta isa tantanin nan, sai ta kumbura, zazzaɓi ya taso, wuya ya sanƙare. Wanda ya tashi ma sau da yawa akan bar shi da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta. Saboda haka ba gawa kaɗai ake ƙirgawa ba. Har da yaron da ya koma makaranta ba ya jin muryar malami.

An rubuta labarin babbar annobarta a Nijeriya ta Arewa tun 1905. A 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar yankin da cutar ta fi addaba a kudu da Sahara, inda takan tashi da hunturu, ta tsananta da bazara, ta lafa da faɗuwar damina. Ƙasar Zamfara tana cikin wannan yanki tsundum.

To, a ina aka zauna aka yi nazarinta? An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashenta na koyar da likitoci kuma ya fara aiki a 1967. Tsakanin 1970 da 1980 Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu, Turawa da 'yan ƙasa, suka duƙufa a kan sanƙarau a asibitin Zariya. Abubuwa uku daga cikin aikinsu sun cancanci ambato.

Na ɗaya, sun kyautata hanyar gwada ruwan laka, ta yadda za a gane nau'in ƙwayar cikin hanzari. Na biyu, sun gwada allura guda ɗaya tak ta kuloramfenikol mai haɗe da mai, wadda ke daɗewa tana aiki a jiki, suka buga sakamakon a 1979. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamin asibitin ƙauye wanda majiyyata suka yi wa yawa. Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan maganata, a 1975 sun ba da rahoto a mujallar Lancet cewa ba nau'in A kaɗai ke tayar da annoba a ƙasar nan ba. Nau'in C ma yana iyawa.

Bayan haka fa? A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, nau'in A ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Daga baya aka samo rigakafin MenAfriVac, aka fara shi a Burkina Faso a 2010, a Nijeriya kuma a 2011. Nau'in A ya kwanta, hankula ma suka kwanta tare da shi.

Amma nau'in C bai yi barci ba. Ya ɓulla a Jihar Sakkwato a 2013, ya yi ɓarna a Nijar a 2015. A ƙarshen 2016 sai ga shi a Zurmi, ya bazu. Kafin damina ta kashe wutar a 2017, an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. Rigakafin da aka yi wa jama'a a baya ba ya kare su daga nau'in C, wanda ke karewar kuwa bai wadata ba. An zo fafe gora ranar tafiya.

Abin lura a nan shi ne, shekara fiye da 40 ke tsakanin gargaɗin Zariya da annobar Zamfara, alhali hanyar da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Tsafe zuwa Gusau da Bunguɗu tafiyar 'yan sa'o'i ce. Ashe ba ilmi aka rasa ba. Abin da aka rasa shi ne mai ɗauko shi ya kai shi inda ake bukata.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon rigakafi mai kare mutum daga nau'i biyar. Madalla. Sai dai rigakafi ba ya kai kansa ƙauye. Ɗalibi mai shirin bincike ya tuna cewa aikinsa bai ƙare ba ranar da aka buga shi. Ma'aikaci kuma ya sani rahoton mutum biyar masu sanƙarewar wuya daga wani ƙauyen Tsafe ba takardar da za ta kwana a tebur ba ce.