Ambaliya: abin da masu bincike suka gano, da yadda ya shafe mu mazauna Kudu

A watannin farko na kowace shekara hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina, ita kuma NIHSA mai lura da koguna takan fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Mu da ke zaune a Sabo da Zango da kararen shanu na Kudu yawanci gutsuren labarin muke ji a rediyo, mu ce Allah ya kiyaye, mu ci gaba da ciniki. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, karatuna bai wuce sakandare ba, amma na bi abin da masana suka rubuta kan shirin tunkarar iftila'i da farfaɗowa bayansa, na tattaro wanda nake ganin zai amfane mu.

Inda ruwan yake fitowa

Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363, ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, kuma ƙiyasin da gwamnati ta yi tare da Bankin Duniya ya nuna asarar ta kai naira tiriliyan 2.6. Ta 2022 ta kashe sama da 600. A shekarar ce kwale-kwale ya kife a Ogbaru ta jihar Anambra da mutanen da ke gudun ruwa, aka rasa rayuka 76. Mu dai abin da ba za mu manta ba shi ne yadda ruwa ya shanye hanya a wajen Koton Karfe, kusa da Lokoja inda Neja da Binuwai suka haɗu, tireloli suka yi kwanaki a tsaye. Wanda ya san dabba ya san saniyar da ta kwana huɗu a mota ba ci ba sha, ko ta iso da rai, kuɗinta ya riga ya zube.

Da an yi ruwa sai ka ji an ce Kamaru ta sako dam. Akwai gaskiya a ciki: madatsar Lagdo tana kan Binuwai kusa da Garwa, an gama ta a 1982, kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don tare rarar ruwan har yau ba a gina ta ba. Sai dai ba Lagdo kaɗai ba ce. Kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk cikin Binuwai suke zuba, kuma ruwan samanmu ne ke cika su. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta duba ruwan 2022, ta gano ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin tafkin Chadi kusan sau 80, ta kuma ƙara mata ƙarfi da kusan kashi 20 cikin 100. Ma'ana irin wannan shekara za ta riƙa dawowa kusa-kusa.

Mutanen Legas da Ogun kuma tasu madatsar daban. Idan aka buɗe dam ɗin Oyan da ke kusa da Abeokuta, kogin Ogun yakan tumbatsa ya shiga Isheri da Kara, kamar yadda aka gani a Oktoban 2019 lokacin da aka kwaso dabbobi zuwa bakin titin Legas zuwa Ibadan. A Ibadan kogin Ogunpa ne, wanda ya yi ɓarna a 1980, aka sake wata babbar ambaliya a garin ranar 26 ga Agusta 2011, sama da mutum 100 suka rasu.

Gargaɗi, da dalilin da ya sa ba a jin sa

Wani rahoto na hukumar duniya kan daidaitawa da sauyin yanayi da ya fito a 2019 ya ce gargaɗin awa 24 kacal yana iya rage ɓarna da kashi 30 cikin 100. Misalin da masana suka fi kawowa shi ne Bangladesh. Guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can, ta 1991 ta kashe kusan 138,000, amma guguwar Sidr ta 2007 ba ta kai 4,000 ba. Abin da ya canza shi ne an gina mafaka masu tsayi, an kuma horar da dubban 'yan sa-kai daga cikin ƙauyukan, waɗanda ke yawo a keke da lasifika suna kiran mutane da bakinsu.

Wannan na ƙarshe ya fi jan hankalina. Cibiyar binciken iftila'i da Enrico Quarantelli da abokansa suka kafa a Amurka a 1963 ta shafe shekaru tana zuwa wuraren da masifa ta auku, ta gano ruɗewa da guje-guje da ake nunawa a fim ba kasafai suke faruwa ba. Matsalar ma akasin haka ce: mutane ba sa tashi da wuri. Dennis Mileti, wani masanin a Amurka, ya nuna mutum in ya ji gargaɗi sai ya fara neman tabbaci. Zai kira ɗan uwansa, zai leƙa ya ga ko maƙwabci ya fara haɗa kaya, zai jira ya sake ji daga wani baki. Don haka gargaɗin da ke aiki shi ne wanda ya fito daga wanda aka yarda da shi, aka maimaita shi, kuma ya faɗi takamaimai wace unguwa, wane lokaci, a koma ina.

To a wajenmu wa aka yarda da shi? Sarkin Hausawa, sarkin kara, liman, shugaban dillalai, shugaban direbobi a tasha. Sanarwar da aka yi da Turanci ko Yarbanci a gidan rediyon jiha ba lallai ta kai ga yaron da ke kwana cikin shanu ba. Amma in liman ya faɗa bayan sallah, aka kuma sa muryar sarki a zauren WhatsApp na kasuwa, kafin magariba kowa ya ji. A ganina kowace kasuwa ya kamata ta ware mutum biyu masu karatu, aikinsu bin sanarwar NiMet da NIHSA da hukumar agajin gaggawa ta jiha daga Yuli zuwa Oktoba, su juya ta zuwa Hausa da Fulatanci.

Maƙwabci ne ke fara zuwa

Lokacin girgizar ƙasa ta Kobe a Japan a 1995, wadda ta kashe sama da mutum 6,000, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gini 'yan uwa da maƙwabta ne suka zaƙulo su, ba jami'an ceto ba. Daniel Aldrich ya ɗauki wannan batu ya rubuta littafi a 2012, inda ya kwatanta Kobe da girgizar Tokyo ta 1923, da igiyar tsunami ta 2004 a kudancin Indiya, da guguwar Katrina ta 2005 a New Orleans. Ya gano unguwannin da suka fi saurin miƙewa su ne masu ƙarfin zumunci da ƙungiyoyi, kuma wannan ya fi yawan dukiya ko girman ɓarnar nuna wanda zai farfaɗo.

Masana sun kasa zumuncin gida uku. Akwai na cikin gida tsakanin dangi da 'yan ƙabila ɗaya, akwai na gada tsakanin al'umma da wata al'umma, akwai kuma na sama tsakanin jama'a da hukuma. Na farkon ai mu ne gwanayensa. Tun a 1969 Abner Cohen ya wallafa bincikensa kan Sabon Ibadan, ya bayyana yadda maigida ke saukar da bafatake, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ba mahauci shanu bashi, ba takarda sai amana. Har gobe da wannan muke rayuwa. Wanda ruwa ya ci rumfarsa ba zai kwana a titi ba, za a yi masa karo-karo.

Sauran biyun ne muke da rauni, kuma nan ne binciken Aldrich ya yi gargaɗi. A ƙauyukan masunta na Indiya, majalisun gargajiya masu ƙarfi sun jawo wa mutanensu agaji da sauri, amma sun bar zawarawa da waɗanda ake ƙasƙantarwa da baƙi a waje. Ku ɗora wannan a kanmu. Idan kayan agajin NEMA ko na jiha suka iso, jerin sunaye ake bi, kuma galibi ta hannun kansila da shugabannin unguwa ake haɗa shi. Wanda ba ya zuwa taron unguwa, ba ya biyan kuɗin gyaran kwata tare da masu gari, babu wanda zai tuna da shi ranar rubuta suna. Ba sai an yi niyyar ware shi ba ma. Shi ya sa nake ganin zaman wakilinmu a ƙungiyar ci gaban unguwa, da gaisuwa tsakanin sarkinmu da Baale ko Igwe tun ana zaman lafiya, yana cikin shirin ambaliya kamar buhun yashi.

Kuɗi kafin ruwa, da batun dabba

A Yulin 2020 hukumar abinci ta duniya ta tura wa gidaje sama da 23,000 a bakin kogin Jamuna na Bangladesh kusan dala 53 kowanne, kwanaki kafin ambaliya ta kai ƙololuwa. Masu binciken da suka bi sawu, ciki har da na jami'ar Oxford, sun gano waɗanda suka samu kuɗin yiwuwar su wuni ba ci ta ragu da kashi 36 cikin 100, kuma sun fi kwashe iyali da dabbobi zuwa tudu. An gwada makamancin haka a Adamawa a 2022. Mu ba sai mun jira wata ƙungiya ba: adashen kasuwa zai iya ware wani kaso da ba a taɓawa sai an ji sanarwar buɗe dam, a biya mota da wurin ajiya a tudu da dusa ta 'yan kwanaki.

Akwai ma kundin ƙa'idojin ceton dabbobi a lokacin iftila'i mai suna LEGS, wanda ya fara fitowa a 2009. Cikin shawarwarinsa akwai rage garke da wuri tun dabba tana da jiki. A farin 2006 a kudancin Habasha an haɗa makiyaya da 'yan kasuwa, suka sayi shanu kusan 20,000 na kimanin dala miliyan 1, makiyayan suka yi amfani da kuɗin wajen sayen abinci da ciyar da ragowar garken. Wannan fari ne, amma lissafin ɗaya ne da na ambaliya. Bafataken da ya ji Binuwai ta cika a Makurdi ya san ruwan na tafe Lokoja cikin kwanaki, gara ya jinkirta lodi ko ya duba hanyar Mokwa da Jebba. Ita ma a tambaya kafin a tashi, don a ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya yi mummunar ɓarna a Mokwa, sama da mutum 150 suka rasu, Unguwar Hausawa na cikin inda abin ya fi shafa.

Bayan ruwa ya janye kuma sai cuta. Rijiyar da ambaliya ta shiga ta haɗu da masai, daga nan kwalara ke tashi, don haka a tafasa ruwan sha ko a sa masa maganin kulorin. Dabbar da ta daɗe a caɓi tana kamuwa da ruɓar kofato, wadda ta yi kiwo a fadama bayan ruwa kuma tana ɗaukar ciwon hanta. Wadda ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura kada a feɗe ta, kada a sayar, a kira likitan dabbobi, domin ambaliya tana tono ƙwayar cutar saifa daga ƙasa kuma tana kama mutum. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, mazauna Legas kuma suna da 767.