Daga Agadas zuwa Dirku: sa'a biyu a sama, mako biyu a ƙasa

Tsakanin filin jirgin sama na Agadas da na Dirku, a ƙasar Kawar, akwai nisan kusan kilomita 560 in an miƙe sak. Ƙaramin jirgi mai farfela, wanda ke cin kilomita 300 a sa'a, yakan gama tafiyar cikin kimanin sa'a biyu. Abin da matuƙi ke hange ƙarƙashinsa shi ne Tenere, rairayi har iyakar gani.

Wannan hanya ta girmi jirgi da ɗaruruwan shekaru. Kowace kaka Abzinawa sukan haɗa ayari, su labta wa raƙuma gero da ciyawa, madugu na gaba, su bi ta Faci zuwa Bilma, wadda ke kudu da Dirku kaɗan. Zuwa kawai yakan ci mako biyu ko fiye. Can sukan ba da gero su karɓi dabino da kantun gishiri, wanda ake saukewa a kasuwannin Damagaram, Maraɗi da Kano. A wancan zamani da rijiyoyi ake auna nisa, domin wanda ya kuskure rijiya ya kuskure ransa. Shi ya sa itacen Tenere, da ke tsaye shi kaɗai a bakin rijiya, ya zama alamar matafiya har 1973, shekarar da wata mota ta kaɓe shi. Ragowarsa na ajiye a gidan tarihi na Yamai.

Da Faransawa suka kafa bariki a Bilma a 1906, gaggawar ƙetare Tenere ta zama bukatar hukuma da soja, kuma ita ce bukatar da jirgi ya zo ya biya daga baya. Filin Dirku ya fi amfanar masu kaki. A 2018 jaridar New York Times ta ruwaito cewa hukumar CIA ta Amurka tana tayar da jirage marasa matuƙi daga can. Hanyar saman ma ba ta rasa nata makoki ba: filin Agadas yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ya rasu a hatsarin jirgi a duwatsun Abzin ranar 15 ga Disamba 1995.

Kantu kuwa bai zama kayan jirgi ba, saboda yana da nauyi, ga araha. Raƙumi da babbar mota su suka ci gaba da ɗaukarsa. Haka ma masu neman aiki a Libiya, sukan kwana biyu ko uku a bayan mota kafin su ga dabinon Dirku, in Allah ya kiyaye inji bai mutu ba.

Jirgi ya rage tafiyar ga ƴan kaɗan da ke da kujera cikinsa. Ga mai gishiri da mai zuwa cin rani, nisan Agadas da Kawar yana nan yadda kakanni suka san shi, ana lissafa shi da kwanaki da ruwan da ya rage a salka.