Kama da wane ba ta wane: bayani a kan kalmar niƙrisu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai mai karatu, na tsayar da sharhi a wannan warƙa ta 23 saboda kalma guda. A nan mai kundi ya buɗe babin ciwon gaɓoɓi, ya ambaci cututtuka uku da Larabci: waja'ul mafasili, da irƙun nasa, da niƙrisu. Rubutun na Magaribi ne, ƙaf ɗinsa ɗigo guda gare shi a sama, don haka wanda ya saba da bugun Gabas ya kiyaye kada ya karanta nifrisu. Wani malami da kundin ya shiga hannunsa daga baya ya sa jar tawada ya fassara su da ajami a hashiya, kuma duka ukun fassara ɗaya ya ba su, wato sanyin ƙashi. Na kwafo abin da na tarar yadda yake, domin amana ce. Amma ba zan wuce ba sai na yi magana a kan ta ukun, saboda na ga abin da wannan fassara ta jawo wa malamina.

Muna Damagaram, ina almajiri a zaurensa, shi kuwa ya ba shekara 50 baya, mutum ne mai jiki. Ranar layya raguna suna jingine a bakin wuta yini guda, hanta da ƙoda da kayan ciki su ake fara ci, kuma kowane gida na unguwa sai ya aiko wa malam nasa. A daren nan, tun kafin kiran assalatu, ya tashe ni. Na haska fitila na ga babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, ko gefen mayafi ba ya son ya taɓa shi. Na ce, "Allah gafarta malam, ko kunama ce?" Ya ce, "Ba kunama ba ce, yaro, sanyi ne ya sauko." Tun da sanyi ne, sai muka nemi zafi. Aka dafa masa romon kai da ƙafa da citta da masoro, aka shafa man kaɗe, wanzami ya zo ya yi ƙaho. Bayan kwana goma ciwon ya lafa, muka yaba wa romo. Ba mu san cewa haka cutar take ba, tana tafiya don kanta ta kuma dawo. Ta dawo a shekara mai bi, sa'an nan ta riƙa zuwa sau biyu sau uku a shekara, ta hau idon sau da gwiwa. Wasu ƙulula masu tauri suka fito masa a kunne da yatsun hannu, har riƙe alƙalami ya gagara, salla ta koma a zaune. Shekara 11 muna cewa sanyi kafin a gwada jininsa a asibiti.

Wannan ne ya sa na bi tarihin cutar, ga kuma abin da na samo a taƙaice.

Tsohon bayanin da likitocin Musulmi suka gada na Abuƙraɗ ne, likitan Yunan da ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya lura cewa babanni ba su kamuwa da niƙrisu, mace ba ta yin sa sai haila ta ɗauke mata, yaro kuma sai ya girma. Har yau galibin masu shi maza ne manya. Bayansa Jalinusu, a ƙarni na 2 na miladiyya, ya siffanta ƙululan nan masu farin abu kamar alli a ciki. Dalilin da suka bayar shi ne na ahlaɗu huɗu, jini da balgamu da safra'u da sauda'u: in ɗayansu ya yi yawa ya gurɓace, sai ya tsiyayo zuwa gaɓa. Shi ya sa a Faransanci ake kiran cutar goutte, ma'anarsa ɗigo.

Abubakar Ar-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza, wanda ya rasu a 313 ta hijira (925), ya rubuta risala sukutum a kan niƙrisu, kuma a cikinta ya bambance shi da sauran ciwon gaɓoɓi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428 (1037), ya kawo cututtukan nan uku a ƙarshen littafi na uku na Al-Ƙanun, inda ya bi cututtuka daga kai zuwa ƙafa. Maganinsu rage ci, da fitar da jini, da wankin ciki, da wani saiwa mai suna suranjan. Mai kundinmu a kan wannan hanya yake, kuma da ya jera sunaye uku ya san abubuwa uku yake nufi. A hashiya ne suka zama ɗaya.

Daga nan bincike ya daɗe a kan ahlaɗu, a Gabas da Turai baki ɗaya, domin ba wanda yake da abin leƙa cikin gaɓa. A 1679 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen goge madubin ƙara girman abu, ya duba farin allin da ke fita daga ƙululun mai niƙrisu, ya ga ashe tarin ƴan allurai ne masu tsini. Bai san ko na mene ne ba. A 1683 likitan Ingila Thomas Sydenham, wanda shi kansa ya yi fiye da shekara 30 yana fama da cutar, ya rubuta yadda take zuwa: mutum ya kwanta lafiya lau, wajen ƙarfe biyu na dare zafin babban yatsa ya tashe shi. Da na karanta bayaninsa sai na ga daren layyar nan na zauren malam.

Masu haɗa magunguna da masana sinadarai ne suka gano bakin zaren. A 1776 Scheele, mutumin Suwidin, ya fitar da wani sinadari daga tsakuwar mafitsara, shi ne ake kira asid urik. A 1797 Wollaston a Ingila ya nuna cewa farin allin niƙrisu gishirin wannan sinadari ne. A 1848 Alfred Garrod a London ya tabbatar cewa yana da yawa a jinin masu niƙrisu fiye da na sauran mutane. Daga baya ya fito da wani gwaji mai sauƙi: a tsoma zare cikin ruwan jinin majiyyaci da ɗan ruwan tsami, a ajiye kwana ɗaya ko biyu, sai a ga gishirin ya kama zaren, kamar yadda kanwa ke fitowa a bakin tafki in ruwa ya ja.

A wannan zamani ne kuma aka fara raba niƙrisu da wata cuta mai kama da shi. A 1800 Landré-Beauvais, wani ɗalibin likita a asibitin Salpêtrière na Paris, ya siffanta wasu mata matalauta da ciwo ya kama musu gaɓoɓi da yawa, yatsunsu suka karkace. Ya ga ba irin niƙrisun da aka sani ba ne, amma ya ɗauke shi wani reshe nasa. Garrod ne a 1859 ya ware shi ya ba shi suna na kansa. Daga baya aka gane cewa a wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin gaɓoɓin mai ita.

Duk da haka wasu likitoci sun ci gaba da jayayya: alluran nan su ne ke kawo ciwon, ko kuwa ragowar ciwon ne? A 1961 McCarty da Hollander a Amurka suka nuna ana samun su a ruwan gaɓar mai niƙrisu lokacin da ciwon ya tashi. A 1962 McCarty da abokin aikinsa Faires suka yi wa gwiwoyinsu allurar wannan gishiri, su da lafiyarsu ƙalau, kuma cikin ƴan sa'o'i ciwon ya kama su da tsanani. Jayayya ta ƙare a nan.

Abin da ya tabbata yau shi ne, asid urik ragowa ne da jiki ke samarwa kullum daga ƙwayoyinsa da suka tsufa da kuma abinci, kuma ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa a fitsari. In ya wuce wajen miligram 68 a litar jini sai ya fara daskarewa. A mafi yawan masu cutar laifin na ƙoda ne da ba ta fitar da shi sosai, sau da yawa gado ne. Hanta da ƙoda da kayan ciki da jan nama suna ƙara shi, haka giya da lemun kwalba mai sukari, haka ƙiba da ƙishirwa mai tsawo da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Romon da muka riƙa ɗura wa malam ƙara wa wuta kara ne. Amma a yi wa mai jar tawada adalci: gishirin ya fi saurin daskarewa inda jiki ya fi sanyi, shi ya sa yake fara kama yatsan ƙafa da gefen kunne. Akwai ɗan rabon sanyi a ciki, sai dai ba wanda muka nufa ba.

Magani ma ya rabu kamar yadda cututtukan suka rabu. A 1948 Philip Hench a Amurka ya ba wata mata mai ciwon garkuwa kortizon, ta tashi ta yi tafiya cikin ƴan kwanaki, sai dai daga baya aka ga illarsa in an daɗe ana sha. Tun shekarun 1980 metotreksat ya zama ginshiƙin maganin wannan ciwo. Niƙrisu kuwa nasa alopurinol ne, wanda Gertrude Elion da George Hitchings suka haɗa, aka yarda da shi a Amurka a 1966. Aikinsa rage asid urik da jiki ke yi. Ana shan sa kullum, ba sai ciwo ya tashi ba, har gwaji ya sauka ƙasa da miligram 60 a lita, sa'an nan tsohon gishirin ya fara narkewa a hankali.

To, ka ga abin da muke tarawa cikin kalmar sanyin ƙashi. Akwai niƙrisu. Akwai zaizayewar guringuntsi da ke zuwa da shekaru da aikin ƙarfi, ita ce ta fi yawa a gwiwoyin tsofaffi. Akwai ciwon garkuwa, mai sa yatsu su ƙage da safe, hannun dama da na hagu tare. Akwai amosanin jini, wanda yara ke gada daga uwa da uba. Irƙun nasa ma jijiya ce da ta matsu a gadon baya, ba gaɓa ba. Gaɓar da ta kumbura tare da zazzaɓi kuwa tana iya zama mai mugunya, kuma wannan ba ta jiran gobe. Kama da wane ba ta wane, kuma gwaji ne ke raba su.

Saura gargaɗi a kan suranjan, domin yana nan a layi na 9. Maganin gaskiya ne. Daga wannan tsiro Pelletier da Caventou suka fitar da kolshisin a Paris a 1820, kuma har yau likitoci suna ba da shi lokacin tashin ciwon, a ƙwaya ta miligram ɗaya ko rabi. Amma tsakanin maganinsa da gubarsa tazara kaɗan ce. Wanda ya zarce sai amai da zawo, sa'an nan gaɓoɓin ciki su tsaya, kuma ba shi da makari. Kwafi biyu na wannan kundi ke hannuna. Na Damagaram ya faɗi ma'auni, na Tawa kuwa mai kwafa ya tsallake layin ma'aunin, ya bar sunan maganin tsirara. Kada kowa ya yi aiki da ko ɗaya daga cikinsu, domin ƙarfin saiwa yana bambanta da ƙarfin wata ko da nauyinsu ɗaya. Gatarin kurege da ke fitowa a dajin kudu da damina shi ma wannan guba ce a cikinsa.

Da aka gwada jinin malam, likita ya ce niƙrisu ne, kuma ƙodarsa ta riga ta raunana, har da ƙarin ƙwayoyin kashe ciwo da muka riƙa sayo masa a tire ba lissafi. Aka sa shi a kan alopurinol, aka ce ya yawaita ruwa, ya rage kayan ciki. Cikin shekara biyu tashin ciwon ya ɗauke, ƙululan suka ragu, ya koma salla a tsaye. Yatsun hannu dai ba su miƙe ba, bai sake rubutu ba har Allah ya karɓi abinsa. Wata rana ya sa na ɗauko wannan kundi daga gafaka na karanta masa wannan warƙa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Mai jar tawadar nan ya yi iyakar saninsa, Allah ya saka masa. Kai da aka nuna maka ƙari, in ka kwafe ka yi shiru, nauyin yana wuyanka." Na ce, "Na ji, Allah gafarta malam."

Don haka na bar hashiyar a wurinta, na sa wannan bayani a ƙarƙashinta. Duk almajirin da ya kwafi babin nan, ina roƙonsa ya kwafe su tare. Allah ya ji ƙan malam da mai kundi da mai hashiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wallahu a'alamu. Mu koma ga matani.