Waƙa a Kunne Take, Ba a Takarda Ba



Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar Yola, Ngaundere, Tibati da Yoko har suka yada zango a Yawunde, ba haja kaɗai suka ɗauko ba. Sun zo da waƙoƙin wa'azi da na bege, kuma akasarinsu a ka suka riƙo su. Me ya sa baitocin ba su zube a hanya ba? Kari da amsa-amo ne suka ɗaure su.

Asalin abin daga Basra ne, inda Halilu ɗan Ahmad ya tsara ilmin aruli a ƙarni na 8, bisa auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Hausa ma tana da waɗannan gaɓoɓi biyu, shi ya sa ma'aunin ya zauna mata daram. Malaman jihadin 1804 sun gane amfaninsa. Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta suna haddacewa suna kai wa matan karkara. Macen da ba ta san baƙi ba takan riƙe darasi, domin in kalma ta faɗi, kari ya karye, kunne ya ji gurbinta. A ƙarni na 20, Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, ya tsara Imfiraji, makafi suka yi ta rera ta a kasuwanni da ƙofofin gidaje.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ajami yakan nuna dogon wasali da alif da wau da ya. Boko kuwa ba ya nunawa: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, alhali nauyinsu a baiti daban. Yaronmu da ya tashi da karatun Faransanci, in ya ga waƙar Hausa a waya, sai ya karanta ta kamar wasiƙa, ya ce ba ta da daɗi. Ba laifinsa ba ne, bai taɓa jin ta ba.

Saboda haka, mai dattijo a gida da ke rera waɗannan waƙoƙi, ya zauna gabansa da yaransa, ya naɗi muryarsa tun yana raye. Takarda za ta adana kalmomi, amma karin yana bakin tsofaffi.