Daren Zaɓen Shugaban Amurka na Shekarar 2000: Kwatancin Yadda Gidajen Talabijin Biyar Suka Ba da Labari

1.0 Gabatarwa

A daren Talata, 7 ga watan Nuwamba na shekarar 2000, manyan gidajen talabijin na Amurka sun sanar da wanda ya ci jihar Florida har sau biyu, sun kuma janye sanarwar har sau biyu. Da farkon dare sun ba Mataimakin Shugaban Ƙasa Al Gore na jam'iyyar Democrat. Da dare ya raba suka ba Gwamna George W. Bush na jam'iyyar Republican, suka haɗa masa da kujerar shugabancin ƙasa baki ɗaya. Kafin gari ya waye babu ɗaya daga cikin maganganun biyu da ke tsaye.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin abin da ya faru a wannan dare, ta hanyar kwatanta gidajen ABC da CBS da NBC da CNN da kuma Fox News. Za a dubi inda kowanne ya samo alƙalumansa, da lokacin da ya yi magana, da irin lafazin da ya yi amfani da shi. Duk lokutan da aka ambata na agogon gabashin Amurka ne.

2.0 Tushen Al'adar Hasashe a Daren Zaɓe

Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa wadda ke tattara sakamako ta bayyana wanda ya yi nasara, kamar yadda aka saba a Nijeriya. Kowace jiha ita ke ƙirga ƙuri'unta, gunduma bayan gunduma, kuma tabbatar da sakamakon a hukumance yakan ɗauki makonni. Haka kuma ba yawan ƙuri'un jama'a a faɗin ƙasa ke ba mutum shugabanci ba. Akwai wakilan zaɓe 538 da aka rarraba wa jihohi, wanda duk ya samu 270 shi ne ya ci. In ban da Maine da Nebraska, ɗan takarar da ya fi ƙuri'u a jiha shi ke kwashe wakilanta duka, ko da da ƙuri'a ɗaya ya ɗara abokin hamayyarsa. Wannan giɓi da ke tsakanin rufe rumfunan zaɓe da sanarwar hukuma shi ne kafofin watsa labarai suka daɗe suna cikewa da hasashe.

A shekarar 1952 gidan CBS ya shigo da kwamfutar UNIVAC cikin shirinsa na daren zaɓe. Tun da wuri na'urar ta nuna cewa Dwight Eisenhower zai yi gagarumin rinjaye, amma masu kula da ita suka yi shakka, aka jinkirta faɗin haka. Daga bisani ta tabbata na'urar ce ke da gaskiya. A shekarar 1980 kuwa, gidan NBC ya dogara da tambayoyin da ake yi wa masu zaɓe a bakin rumfa, ya bayyana Ronald Reagan a matsayin wanda ya ci da ƙarfe 8:15 na dare, alhali mutanen yammacin ƙasar suna kan layin jefa ƙuri'a. Daga nan rigegeniya ta zama jiki. Saboda tsadar aikin, gidajen suka haɗa gwiwa a shekarar 1990 wajen gudanar da waɗannan tambayoyi, haɗin da daga baya ya zama cibiyar Voter News Service, wato VNS. Zuwa shekarar 2000, gidajen nan biyar da kamfanin dillancin labarai na AP duk suna cikin wannan cibiya.

3.0 Sanarwa ta Farko: Florida ta Gore Ce

Florida tana da wakilai 25 a wancan zaɓe, kuma ƙanin Bush, wato Jeb Bush, shi ne gwamnanta. An rufe mafi yawan rumfunan jihar da ƙarfe 7:00, sai dai wasu gundumomi na arewa maso yamma waɗanda agogonsu ke baya da awa guda, su kam sai ƙarfe 8:00. Wajen ƙarfe 7:50 NBC ya ba Gore jihar. Nan take CBS da CNN suka bi sahu, domin rukunin masana alƙaluma ɗaya ne ke yi wa gidajen biyu aiki, ƙarƙashin Warren Mitofsky da Joe Lenski. Fox News ya biyo baya cikin 'yan mintuna. ABC kaɗai ya dakata har ƙarfe 8:00 ta ɗan gota.

Tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ba ta kai kwata na awa ba. Mai kallon da ya riƙa sauya tasha a wannan lokaci zai ɗauka shaidu biyar ne suka haɗu a kan magana ɗaya, alhali kuwa daga rijiya guda duk suka ɗebo. Alƙaluman VNS kuma suna da rauni a wurare da dama. Mazaɓun da aka ɗauka a matsayin samfuri sun ɗan karkata ga Gore. An raina yawan ƙuri'un da ake aikowa ta gidan waya, waɗanda masu su ba sa zuwa rumfa balle a tambaye su, kuma a Florida galibinsu 'yan Republican ne. Daga baya ma aka ƙara da kuskuren shigar da alƙaluman gundumar Duval, wanda ya ƙara wa Gore dubban ƙuri'un da bai samu ba.

Bush ya bayyana gaban 'yan jarida a Austin ta jihar Texas, ya ce bai yarda an ci shi a Florida ba. Gab da ƙarfe 10:00 CNN ya janye sanarwarsa, sauran kuma suka bi ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da jihar cikin jerin waɗanda ba a san maci tuwonsu ba.

4.0 Sanarwa ta Biyu: Bush Ya Zama Shugaba

Da dare ya yi nisa, lissafi ya nuna duk wanda ya samu Florida shi ne zai haye. Tim Russert na NBC ya ɗauki ɗan farin allo da alƙalami yana lissafin wakilai a gaban masu kallo, kuma sunan Florida da aka rubuta sau uku a kan allon nasa ya zama abin tunawa da wannan zaɓe. Bayan ƙarfe 2:00 na daren da zai waye Laraba, alƙaluman VNS suka nuna Bush yana gaba da ƙuri'u wajen 50,000. Wannan adadi ma akwai gyara a cikinsa. A gundumar Volusia, wata na'ura ta zabge wa Gore ƙuri'u fiye da 16,000 a mazaɓa guda. Sannan an yi kuskuren ƙiyasta yawan ƙuri'un da suka rage ba a ƙirga ba a kudancin jihar, inda Gore ke da ƙarfi.

Da ƙarfe 2:16 Fox News ya ba Bush jihar. Wanda ke jagorantar masana alƙaluman gidan a daren shi ne John Ellis, ɗan gwaggon Bush, wanda kuma ya yi magana da Bush da Jeb ta waya a cikin daren. Cikin mintuna huɗu NBC da CBS da CNN da ABC duk suka bi. Hoton Bush ya cika fuskar akwatunan talabijin, da rubutun da ke kiran sa shugaban Amurka na 43.

A nan ne bambanci na haƙiƙa ya bayyana, sai dai ba tsakanin gidajen talabijin ba. Kamfanin AP yana da nasa wakilan da ke tattara sakamako daga gundumomi, kuma lissafinsa ya nuna tazarar tana ta raguwa. Saboda haka ya ƙi ba Bush jihar, duk da cewa abokan aikinsa biyar sun riga sun yi. Ita kanta cibiyar VNS ba ta yanke wannan hukunci na biyu ba, gidajen ne suka yanke da kansu.

Gore ya buga wa Bush waya wajen ƙarfe 2:30 ya taya shi murna, ya kama hanyar dandalin da magoya bayansa suka taru a Nashville don ya yi jawabin amsa kaye. Yana kan hanya mataimakansa suka samu labarin cewa tazarar ta koma 'yan dubbai kaɗan. Bayan kamar awa guda ya sake kiran Bush ya janye maganarsa. Wajen ƙarfe 4:00 na asuba gidajen talabijin su ma suka janye tasu. A lokacin wasu jaridu sun riga sun buga kanun da ke cewa Bush ya ci.

5.0 Lafazin Masu Gabatarwa

Tun da alƙaluman ɗaya ne, inda gidajen suka fi bambanta shi ne a bakin masu gabatar da labarai. Dan Rather na CBS ya shahara da salon magana irin na mutanen Texas, mai cike da kwatance da azanci. Tun farkon dare ya tabbatar wa masu kallo cewa in CBS ya ce wane ya ci jiha, to magana ce da za a iya kai ta banki. Wannan alkawari shi ya sa faɗuwar gidansa ta fi ta kowa ƙara. Peter Jennings na ABC ya fi natsuwa a lafazi, kuma gidansa ne ya zo na ƙarshe a sanarwa ta biyu. Duk da haka abin da ya sanar bai bambanta da na sauran ba. Tom Brokaw na NBC kuwa, da abin ya ɓaci, ya amsa laifi da barkwanci, inda ya ɗauki karin maganar Turanci da ke kwatanta jin kunya da ƙwai a fuska, ya ce su kam wainar ƙwai ce sukutum ta ɓata musu tufafi.

Abin lura shi ne yadda hasashe ya riƙa rikiɗa ya zama labari. Masanin alƙaluma cewa yake yi akwai ƙwaƙƙwaran zato wane zai ci. Mai gabatarwa yakan fara da cewa gidansu yana hasashen haka. Amma rubutun da ke fitowa a fuskar akwati ba shi da wurin dogon bayani: sunan ɗan takara ne da alamar nasara, sai jihar ta sauya launi a taswira, ja ga Republican, shuɗi ga Democrat. Daga wannan zaɓe ne ma waɗannan launuka biyu suka zauna daram a matsayin alamun jam'iyyun. Launi ba ya ɗaukar "mai yiwuwa", don haka abin da ido ya gani ya rinjayi abin da kunne ya ji.

Wannan matsala ta shafi duk mai fassara irin waɗannan labarai zuwa Hausa. Dole ya zaɓa tsakanin "ya ci", na shuɗaɗɗen lokaci, da "zai ci", na lokaci mai zuwa, da kuma "yâ ci", mai nuna kyautata zato. A baki, karin sauti ne ke raba "ya ci" da "yâ ci". A rubutun yau da kullum kuwa, inda ba a nuna karin sauti, kamarsu ɗaya. Haka nan "sakamako" daban, "hasashe" daban. Duk wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya ya maimaita kuskuren daren nan cikin wani harshe.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Magana zarar bunu ce. Kowane ɓangare ya ga cewa an cuce shi. 'Yan Republican sun yi ƙorafin cewa sanarwar farko ta fito ne kafin a rufe rumfunan arewa maso yammacin Florida, inda suke da rinjaye. 'Yan Democrat kuma suka ce sanarwa ta biyu ta dasa wa jama'a tunanin cewa Bush ya riga ya ci, Gore kuwa mai neman ƙwace abin da ba nasa ba ne. Da wannan tunani aka shiga rikicin sake ƙirga ƙuri'u. A ranar 26 ga Nuwamba hukumomin Florida suka tabbatar wa Bush nasara da tazarar ƙuri'u 537, cikin kusan miliyan 6 da aka kaɗa. Ranar 12 ga Disamba Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙirgar, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, washegari Gore ya amsa kaye. Bush ya tashi da wakilai 271, Gore da 266, ko da yake Gore ya fi shi ƙuri'un jama'a da fiye da rabin miliyan.

A watan Fabrairun 2001 wani kwamitin Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Billy Tauzin, ya gayyaci shugabannin gidajen don su yi bayani. CNN ya sa wasu ƙwararru uku daga waje, Joan Konner da James Risser da Ben Wattenberg, suka binciki aikinsa, rahotonsu kuma ya ɗora laifi a kan gaggawa da gasar riga juna. Gidajen suka yi alkawarin ba za su ƙara ba da jiha ba sai an rufe dukkan rumfunanta. Cibiyar VNS ta sake gazawa a zaɓen 2002, aka rushe ta a farkon 2003.

Daga baya AP ya ɓullo da nasa tsarin na jin ta bakin masu zaɓe a shekarar 2018, Fox News ya bi shi, sauran gidajen suka zauna da nasu. Amfanin samun tushe biyu ya fito fili a zaɓen 2020: Fox News da AP sun ba Joe Biden jihar Arizona tun daren zaɓe, sauran suka dakata fiye da mako guda, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya bayyana wanda ya ci zaɓen gaba ɗaya sai ranar Asabar, kwana huɗu bayan rufe rumfuna.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa gidajen talabijin biyar da suka ba da labarin daren zaɓen shekarar 2000 sun bambanta a fuskokin masu gabatarwa, da salon maganarsu, da 'yan mintunan da wani ya riga wani, amma tushen labarinsu ɗaya ne. Shi ya sa suka yi kuskure tare, suka kuma janye tare. Kamfanin AP, wanda ke da nasa lissafi na daban, shi kaɗai ya tsira daga kuskure na biyu. Saboda haka, mai nazarin da ke son kwatanta kafofin watsa labarai, a Amurka ko a wani wuri, ya kamata ya fara da tambayar inda kowace ta samo labarinta, sannan ya dubi kalmomin da ta zaɓa wajen isar da shi ga jama'a.